Ranar da Na Ji Tausayin Tarwada

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da aka kawo ni gidan miji a Diffa ba, tun Nasara na mulki, garin bai wuce ƙauye a bakin kogin Komadugu ba. Ni 'yar makiyaya ce daga wajen N'Guelbély, kifi sai busasshe na sani a kasuwa.

Surukina, Baba, masunci ne da idonsa ya rufe. A ɗakinsa akwai randuna biyu, kowace da tarwada mai rai, su ne na ƙarshe da ya kama da hannunsa kafin makantar. Kullum bayan asuba sai ya laluba ya tsoma hannu, su zo su goge shi da gashin bakinsu, yana yi masu hira da Barbarci. Iyakar abin da ya rage masa na kogi ke nan, kuma kowa a gidan ya sani.

To mu a ruga, in sanyi ya sauko, ɗan rago sabon haihuwa kusa da wuta ake kwantar da shi. Wata safiya aka fitar da Baba shan hantsi, na shiga shara, na taɓa ruwan randa na ji kamar ƙanƙara. Kifayen sun lafe a ƙasa ba motsi. Tausayi ya kama ni (da kuma son a ce amarya mai hankali ce, gara in faɗi gaskiya). Na kwaso garwashi na jera a gindin randunan, na ga kamar bai isa ba, na tafasa ruwa tukunya biyu na tuttula. Da suka fara fantsama har murna na yi, wai sun ji daɗi.

Da hantsi ya ɗaga aka dawo da shi, da tsofaffin abokansa masunta su uku. Ban jira an tambaye ni ba, na durƙusa na ba da labarin aikina, ina sunne kai irin na mai jiran yabo. Baba ya laluba ya sa hannu a randar farko, ya daɗe bai cire ba, sannan ya koma ta biyu. Na leƙa, na gan su sun juya ciki sama, sun mutu.

Uwar mijina ta buɗe baki za ta yi faɗa, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata," in ji shi, "tun da kin fara dahuwa, je ki ƙarasa. Ki sa tattasai da yawa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na dafa ina kuka, aka kai masa, ya ce a ba baƙi, shi ya ƙoshi. Mijina ya samo wasu tarwadar washegari, Baba ya yi godiya ya ce a mai da su kogi, waɗannan ba su san hannunsa ba. Bai ƙara tsoma hannu a randa ba har ya rasu kafin damina, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Yau na tsufa, jikokina na cewa ba ni da saurin tausayi. Ina da shi. Sai dai in ya taso mini, nakan fara tambayar mai abu tukuna, kafin in hura wuta.