Yadda Za Ka Tsere wa Noman Gero da Kwamfutarka

Ɗan jami'a, ka dawo hutu ka tarar ciyawa ta cinye gona? Bi matakan nan, na ba ka tabbacin tafin hannunka ba zai yi kanta ba. Muntaka, ɗan wani ƙauye a gefen Minjibir, ya gwada su: kwana tara bai taɓa fartanya ba.

1. Samo aikin da ba mai gane shi

Muntaka ya ce malaminsu ya sa su rubuta manhajar da za ta karanta RNA, wato saƙon da ke cikin ƙwayar halitta, ta faɗi furotin ɗin da zai fito. Kuma gaskiya ne. Gwani ba ya ƙarya, gaskiya yake ja wa tsawo.

2. Zaɓi inuwa

Gindin darbejiyar ƙofar gida, inda masu tafiya gona za su gan ka. Ɗaure fuska. Ja tsaki lokaci-lokaci. In an gaishe ka, ɗaga yatsa ɗaya kawai.

3. Kada aikin ya ƙare

Furotin ɗin da manhajar Muntaka ke fitarwa ya ninka na malaminsu tsawo. Ya gode wa Allah, bai nemi dalili ba.

4. Kada ka yi wa mahaifinka bayani

Nan Muntaka ya zame. Ran kwana na goma mahaifinsa, Malam Tasi'u, ya dawo daga gona jiƙe da gumi, ya tsuguna kusa da shi.

"Wai me ya gagare ka ne haka?"

"Baba, haruffa huɗu ne. Ana ɗibarsu uku-uku, kowane uku su ba da guntu ɗaya na furotin. Daga AUG ake farawa."

"A tsaya ina?"

"In an iske UAA, ko UAG, ko UGA."

"Ka faɗa mata ta tsaya ɗin?"

Muntaka ya sosa ƙeya.

"Haba Muntaka! Ko shanun huɗa in sun kai gamban iyaka juyowa suke. Wannan abar taka ai gonar maƙwabci ta faɗa."

5. In ta gyaru, kada ka yi murna

Layi biyu Muntaka ya ƙara wa manhajar, amsa ta fito daidai da ta malami. Maimakon ya ja tsaki, sai ya daka tsalle. "Baba, ta yi!"

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Tasi'u, ya sauke fartanyar kafaɗarsa ya miƙa masa. "Kunya uku-uku za ka riƙa ɗauka. Fara daga bakin hanya."

"A tsaya ina, Baba?"

"Kai da ka yi kwana tara ba ka damu da wurin tsayawa ba? Je ka dai."

A kula: mai wannan shawara ba ruwansa da kanta, ciwon baya ko dariyar 'yan uwa. Duk wanda mahaifinsa ya iya tambaya, shi ya jiyo.