Sandar da Ta Daina Ƙara

"Lafiya lau, sai takaicin ganin ka. Wa ya mutu ka tuna da ni?"

"Ke nake jira, kin ƙi," in ji Khalilu, yana tsugune gaban kakarsa.

Inna Furera ta riga ta hango mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, da amalankensa a ƙofar gida, ta kuma san abin da ya kawo shi: tsohon akwatin gem ɗin nan na zaure, wanda marigayi Tasi'u, uban Khalilu, ya sayo tun gidan gem ɗaya ne tak a Minjibir. Ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba har ya koma ga Allah. Amma in ta jiyo sandar da ake juyawa a jikin akwatin tana ƙas-ƙas daga ɗaki, ta san ya dawo gida. Har yau in za ta wuce takan ɗan tura ta, wai shara take yi.

"Sauran maza cefane suke kawo wa matansu, nawa mijin kwashe gida ya zo yi."

"Shago zan farfaɗo, tsohuwa. Hannayen gem ɗina duk sun lalace, yara sun gudu. Wannan akwati kuwa sa'anki ne, kaji kawai yake wa amfani."

Ya zaro hannun gem daga aljihu. Ta jujjuya shi tana yatsina.

"Ina sandar?"

"Ga ta nan. Da babban yatsa ake juya ta."

"Wannan maɓallin rigar?"

"Ta zamani ke nan. Ta da ƙarfe ce da sifirin, gabas, yamma, kudu, arewa, sai surutu irin naki. Wannan ko'ina take zuwa, a hankali, ba a jin ta."

"To me ya kashe ta?"

"Tafiya ta soma yi da kanta. Ba ka taɓa ta ba, mutumin cikin gem ya kama hanya."

"Halinka ta ɗauko. A gyara mana."

"Yarwa ake yi."

"Waccan kuwa ƙartin garin nan sun dake ta kamar taɓarya, ko gezau."

"Kamar ke. Mutuwa ma ta ɓatar da adireshinki."

"Ta san gidan nan sarai," in ji ta.

Khalilu ya sunkuyar da kai. Ranta bai so ba, amma ta san matarsa ta kusa haihuwa, ta kuma san shagon ne abincinsu.

"Ɗauka, ka ba ni wuri."

Ya daɗe a zaure yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase. Sai da amalanken ya sha kwana ya dawo, ya ɗora mata sandar a cinya, jan kanta duk ya koɗe saboda tafin hannun mai ita.

"Ga sadakinki, kada ki ce ban biya ba."

Ta kafa ta a tabarma ta tura gabas, ta tura yamma. Shiru.

"Ina ƙarar?"

Fuskarsa ta sauya. "Inna, ƙarar ba a sandar take ba. Wasu 'yan ƙarafa ne a ƙarƙashin katakon, su take taɓawa. Sun tafi da akwatin."

Ya zabura zai bi amalanken, ta riƙe masa riga. Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Zauna, ka ci wasan. Ka mai da ita ta zamani. Ita ma ta yi shiru kamar mai ita."