Ranar da Si Buazza Ya Sa Aka Wanke Zaitun

Duk faɗin Maroko babu mai ƙaunar muhalli irin Si Buazza Gharbawi, shugaban kwamitin da ke tantance sana'ar da ke tattalin ƙasa da ruwa da wadda ke ɓarna. Duk wanda ya buga wa hatimi, masu zuba jari daga Turai za su yi masa caa. Ma'aikatansa na kiransa Sikelin Duniya, a bayan idonsa dai.

Shi ya tsara ƙa'idar, ya tsaurara ta har aka yi shekaru ba wanda ya tsallake.

"Ƙa'idata ba ta san ɗan'uwa ba," in ji shi a talabijin, yana shafa tumbi. "Ko mahaifiyata ce ta wuce kason ruwanta da cokali ɗaya, ta faɗi. Babu ɗaukaka ƙara!"

Ma'aikatar da ke kula da kwamitin ta gaji, ta ce ko a samu wanda ya ci bana, ko a rushe kwamitin. Hankalin Sikeli ya tashi, don kujerar nan ya fi son ta da 'ya'yansa. Allah ya rufa masa asiri da gonar zaitun ta Hajja Zhor a bayan Marrakesh, matar da ke shayar da itatuwanta ɗigo-ɗigo kamar mai ba jariri magani.

Amma babban mutum ba ya zuwa haka kawai. Ya yi waya a yayyafa wa hanya ruwa yadda ake yi wa manya, kada ƙasa ta taɓa farar jallabiyarsa. A kunna maɓuɓɓugar tsakar gida. A wanke kowace bishiya, don ganye mai datti ba ya kyau a hoto.

"Sidi, ranka ya daɗe, ruwan fa?" in ji Hajja.

"Lalla, uwargida, ke dai ki ji da zaitun, ki bar mini muhalli."

Ranar bikin buga wa gonar hatimi aka tarbe shi da madara da dabino. Ya yi jawabi kan darajar ɗigon ruwa har shayi ya huce, sannan ya ja 'yan jarida zuwa na'urar auna ruwan gonar, ya ce a matso da kyamara, shi zai karanta da bakinsa.

Yana cikin karantawa ya gane abin da lambobin ke nufi. Wankan bishiyoyin ya cinye kason gonar na shekara, har da ƙari.

"To, ai ana iya duba uzuri," ya ce, yana share gumi.

"Ko mahaifiyarka ce fa ka ce, Sidi," in ji wata 'yar jarida.

Kafin sati ya zagayo aka rushe kwamitin. Amma a faɗi gaskiya, jallabiyar ta koma Rabat, babban birni, fara tas.