Yadda Za Ki Tsorata Jikokinki da Dodon Roba

'Yar'uwa, jawo kujera. In kina da kwali cike da tsofaffin kaset na fina-finan dodanni, kuma 'yarki ta sa masa ido, wannan darasin naki ne. Tawa ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ta ce, "Mama, ranar Asabar ki kunna wa yaran nan ɗaya. In ko mutum guda ya ji tsoro, kwalin ya zauna. In ba haka ba, sai bola." Bi matakan nan, na ba ki tabbaci kwalinki ba inda za shi.

Mataki na 1: Zaɓi dodo mai mutunci

Kada ki ɗauko na jemagen nan da ake ganin igiyar da ke riƙe da shi. Ɗauko ƙaton kwaɗo mai ƙaho, wanda ke fitowa daga tafkin bayan masana'anta yana tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Masana sun tabbatar, wato ni da maƙwabciyata, cewa dodon da ba ya sauri ya fi ban tsoro, don yana ba mutum lokacin tunani.

Mataki na 2: Raba maigida da falo

Wannan shi ne babban aiki. Nawa tela ne, shekara arba'in a kan keke, ba ya ganin dodo, ɗinki yake gani. Nemo masa wando mai yagewa ki tura shi ɗaki. Ni na yi haka, kafin in saka kaset ya gama ya dawo, har da tabarmarsa.

Mataki na 3: Ki riga kowa ihu

Karɓe wayoyin yaran, ki zauna a kai. Da ruwan tafkin ya fara tafasa, dafe ƙirji ki ce, "Wayyo ni, ga shi nan!" Kada ki yi da wuri. Ni na kurma nawa tun ana rubuta sunayen 'yan wasa, ƙaramar jikata ta ruga ta kawo mini ruwa da magani.

Mataki na 4: Kada tambaya ta wuce ba amsa

Kowane gida akwai mai ido. Tamu ita ce babbar jikata, Mai Tabarau.

"Kaka, zif ne fa a bayansa."

"Jijiya ce."

"Kaka, ga takalmi a ƙafarsa."

"To shi dodo ƙaya ba ta sukarsa?"

"Gidan da ya taka kuma kwali ne."

"Haka ginin zamaninmu yake, yarinya. Ba ku san wahalar da muka sha ba."

Ki faɗa ba tare da kin ƙifta ido ba. Yaro na gane ƙarya ne daga ƙiftawa.

Mataki na 5: In dariya ta ɓarke

Za ta ɓarke, kada in rufe ki. Mu tamu ta zo ne lokacin da kwaɗon ya buɗe baki zai haɗiye soja, ƙahonsa ɗaya ya lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen burodi. Yara suka zube ƙasa. A nan maigida ya kasa haƙuri.

"Ku daina yi wa bawan Allah dariya," in ji shi. "Mutum ne a ciki. Dubi hammatar, an matse ta, ko hannu ba ya iya ɗagawa. Gumi yake sha, ba ya ganin gabansa, amma ga shi yana rushe gari. Da ni aka kawo wa, da na sakar masa inci biyu."

Shi ke nan ya kashe ni, na ce a raina. Sai ga yara sun koma bayan mutumin ciki. "Tashi, Baba Kwaɗo! A hankali, akwai mota!" Da ya faɗi a ƙarshe, ƙaramar har da tambayar ko an ba shi ruwa. Ni ma, tsakanina da ke, tun ina budurwa ba tsoro ke kai ni silima ba. Daɗin ganin abin da hannu ya yi ne, da gam da fenti da taurin kai.

Mataki na 6: Fuskanci alƙali

'Yata ta shigo, ta tsaya a kan kwalin.

"To, wa ya ji tsoro?"

Na fara ban kwana da kaset ɗina a zuci. Sai Mai Tabarau ta ɗaga hannu, tana share hawayen dariya.

"Ni, Umma."

"Ke? Ke da ko allura ba ta sa ki motsi?"

"Jikina har rawa yake. Kaka, akwai kashi na biyu, ko?"

Uwar ta dube ta, ta dube ni, ta tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa. "Ranar Asabar ku jira ni," ta ce, "kada a fara."

Gargaɗi: Mai wannan darasi ba ta da hannu in bargonki mai kyau ya ɓace ya dawo da idanu biyu da wutsiya, ko falonki ya zama silima duk mako. In kuma jikarki ta koyi shirga ƙarya ido cikin ido, ba a wurina ta gani ba. Ki bincika dangin ubanta.