Turaren Ailan

Ranar mu uku ne a gida, a unguwar Hor Al Anz: ni, ƙawata Rabi, da ɗana Sani, wanda ya dawo daga ƙasar Ailan, inda kamfaninsu ya zagaya da su masana'antar giya.

Shekara talatin ina sayar da turare, hancina ne karatuna. Da Sani ya fita, na ga 'yar kwalba a jakarsa, na shinshina, na ce, "Tsohon turaren udu ne." Na shafe hijabina da na Rabi, muka yi la'asar.

Sani ya shigo, ya dafe kai. "Mama, giyar wuski ce! Kyauta suka ba mu, zubarwa zan yi."

Washegari na jefa hijabin a shara, na rama sallata. Har yau Rabi kan miƙo mini hannu: "Hajiya, ɗan shafa min na Ailan."