Nahiyar Malam Sirajo

Idan ana jero mutanen da Allah ya yi wa Tambuwal baiwa da su, to a fara da Malam Sirajo, in wuri ya rage sai a saka sauran. Shi ne mataimakin mataimakin mai kula da rijiyoyi a wani ofishi da ke garin, muƙamin da girmansa bai barin mutum ya iso wurin aiki kafin rana ta take. Yana da babur, amma bai taɓa kiransa babur ba, "abin hawana" yake cewa. Aljihun gaban rigarsa cike yake da alƙaluma, ko ɗaya ba ya rubutu, domin ilimi irin nasa ya wuce a zuba shi a takarda.

Abin da ya ƙara masa daraja shi ne taron bita da aka yi a Sakkwato kan duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Maigidansa a ofis ya kwanta zazzaɓi, ana neman wanda zai cike kujera, sai aka ga babu wanda rashinsa ba zai tsayar da aiki ba kamar Malam Sirajo. Shi kuwa ya shaida wa majalisarsu cewa zaɓo shi aka yi daga cikin dubbai.

Da aka zo ɓangaren ruwa, wato aikinsa, barci ya ɗauke shi. Ya farka daidai lokacin da wata malamar jami'a take bayanin yadda nahiyoyi ke girma. Ta ce ɓawon duniya a tsage yake kamar fasasshen kasko, guntayen suna tafiya a hankali, saurinsu bai wuce tsiron farce ba. Inda ƙasan teku ya yi karo da tudu, sai ya kurɗa ƙarƙashinsa. Bakin tudun ya kankare laka da tsibiran da ke bisa, su manne a gefensa, su tattare su zama tsaunuka. Da haka tudu ke ƙara faɗi. Ta ce tsofaffin duwatsun da ake gani wajen Zamfara ragowar irin wannan ɗinki ne, tun kafin a yi ɗan Adam.

Malam Sirajo ya dawo gida da satifiket da jakar taro da wata sabuwar tafiya. Mai shayin bakin tasha ne ya fara kiransa Farfesa Ƙarƙashin Ƙasa, shi kuma ya ɗauka da gaske, har ya sa aka rubuta a bayan abin hawansa.

Daga nan babu wanda ya tsira. In ka yi masa sannu da rana, sai ka ji tarihin teku. A wata walimar suna ya miƙe ya ce, "Jama'a, kuna zaune kuna ganin ƙasa shiru take. A'a! Tafiya take da ku, ba ku biya kuɗin mota ba. Bari in yi muku gwaji, yadda muke yi a manyan taruka." Ya jawo masar wanda ke kusa da shi, ya tura ta ƙarƙashin tasa, ya ce ga nahiya ta girma. Sannan ya cinye nahiyar. Mai masa ya bi ilimi da kallo har ya wuce maƙogwaro.

Da a nan abin ya tsaya, da masa kawai aka yi asara. To Farfesa yana da gonar gado a wani ƙauye kusa da Fakku, cikin ƙasar Kebbe. Gonar ta yi iyaka da ta Inna Kaltume, matar marigayi ƙanen mahaifinsa, tsohuwar da ke ciyar da jikokinta marayu da geron da take nomawa a wurin. Tsakaninsu layin gamba ne, tun zamanin kakanni yake inda yake.

A daminar nan gamba ta koyi tafiya. Duk ranar da Farfesa ya kawo ziyarar gani da ido tare da 'yan ƙwadago, washegari sai a tarar ta matsa cikin gonar tsohuwa. Kunya ta bi kunya. Kafin gero ya yi bunni, ƙaton yankin da Inna Kaltume ta shuka da hannunta ya koma bayan iyaka.

Ta tare shi a bakin gona, tana dogara sandarta. "Sirajo, ɗan nan, mi ni ka gani haka? Gamba ƙafa gare ta?"

Farfesa ya yi murmushin tausayi irin na masana. "Inna, ba laifinki ba ne, ba ki halarci taro ba. Wannan shi ake kira haɗewar ƙasa. Gonata tudu ce, taki kuwa a kimiyyance teku ce. Taki ce ke kurɗawa ƙarƙashin tawa, abin da ya kankaru yana mannewa a gefena. Ni kaina abin yana damuna, amma wa zai yi jayayya da bincike?"

Tsohuwa ta dubi tekunta, ba ta ga ko kwaɗo ba. Ta juya ta nufi gidan mai gari.

Ranar zaman, Farfesa ya zo da babbar riga mai sitaci da satifiket a cikin gilashi. Ya tsaya a zauren mai gari Sambo, dattijon da ba ya gaggawar magana, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, da farko a san wanda ke magana. Ni mutum ne mai nauyi. A ofis ina da nauyi, a Sakkwato an san nauyina, gonata ma ta fi kowace gona a yankin nan nauyi, saboda irin takin da nake zuba mata. Ba za a haɗa ni da mai kunya goma ba." Daga nan ya shiga teku, ya fito tsibiri, ya hau tsaunuka. Ya cire takalmansa ya tura ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Dattawa suna gyaɗa kai, wasu don mamaki, wasu don gyangyaɗi.

Inna Kaltume tana gefe a kan tabarma, ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ban gane komi ba. Amma a tambaya mini shi, in ƙasa biyu sun yi karo, wace ta ka shiga ƙarƙashi?"

Farfesa ya ji daɗi, yau ga ɗaliba. "Tambaya mai kyau, Inna! Wadda ta fi nauyi ita ke nutsewa. Ƙa'ida ce."

"To ai yanzun ga kac ce kai ne mai nauyi."

Dariya ta fara daga bakin ƙofa ta zagayo zauren. Farfesa ya gyara gilashin satifiket. Ya ce nauyi iri-iri ne, akwai na kimiyya, akwai na mutunci, kuma bayanin yana buƙatar allo.

Mai gari ya ɗaga hannu, aka yi tsit. "Malam Sirajo, mu ba mu ƙaryata ilimi. Allah da ya shimfiɗa ƙasa yana da ikon tafiyar da ita. Abu guda nika son sani. Wagga tafiya, shekara nawa ta ka ɗauka?"

Nan Farfesa ya farfaɗo, domin babu abin da yake ƙauna kamar babbar lamba. Ya buɗe hannuwa har rigar ta yi ƙara. "Miliyoyi, ranka ya daɗe! Miliyoyin shekaru! Hankalin talaka ba zai ɗauka ba."

"Madalla," in ji mai gari. "To ka ga taka ta yi gaggawa. Yau ɗin ga za ka ɗauki kwasa ka yi haƙa da hannunka, ka mai da gamba inda kakanninku sunka dasa ta, geron da ke wurin na Kaltume ne. Sannan ka samu inuwa ka zauna ka jira. Ranar da gonarta ta iso wurinka da kanta, ka aiko a gaya mini, ni da kaina zan zo in shaida."

Da la'asar aka ga Farfesa Ƙarƙashin Ƙasa duƙe a bakin iyaka, babbar riga rataye a reshen sabara, gumi na bin alƙaluma. Inna Kaltume tana zaune a kan kunya tana nuna masa wuri da sanda. In ya dasa saiwa ya ɗago, sai ta ce, "Ƙara matsawa baya, ɗan nan. Teku bai ƙare ba."