Rasuwar Gwaggo, Wadda Ita Kaɗai Ta San Haɗin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tebur mai cike da sukurori, Injiniya yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, Gwaggo, bayan shekara tara tana aiki ba hutu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinyar zafin jiki. Kalamanta na ƙarshe su ne "fuuuu, ƙit".

Marigayiya ita kaɗai ce a duniya ke iya harhaɗa manhajar da ke tuƙa famfunan sola, wadda Injiniya da 'yan sa-kai ke rubutawa a fili, kowa ya ɗauka kyauta. Duk wani ɗan kayan haɗi da manhajar ta dogara a kansa yana cikinta, tsohon yayi ne ko sabo. Duk wanda ya ce haɗin ya ƙi a wajensa, amsa ɗaya Injiniya ke ba shi: "Ni dai a wajena lafiya lau yake tafiya." Gwaggo ce ke rufa masa asiri, bai taɓa ce mata sannu ba.

Sai da ta kwanta dama aka gane cewa sashen auna zurfin rijiya, wanda ya rubuta wa "na ganin dama, a saka ko a bari", ba na ganin dama ba ne. In babu shi, famfo bai san ruwa ya ƙare ba, sai ya yi ta ja har ya ƙone.

Ta rasu ta bar famfuna arba'in masu jiran gyara kafin Juma'a, da caja ɗaure da roba, da abokin aikinsa Dogo, wanda ya shekara tara yana cewa, "Malam, don Allah rubuta abin da ka zuba mata." Uwargidansa ta yi ta'aziyya da cewa, "To, yau dai a ci abinci a tebur ɗin nan."

Za a kai gawar shagon mai gyara gobe, ko Allah zai sa faifanta na ajiyar bayanai ya yi magana. Ana karɓar gaisuwa a gaban sabuwar kwamfuta, inda mai makoki ke zaune da kunya, yana rubuta jerin abin da ya zuba mata daga ƙwaƙwalwarsa. Tun Talata yana layi na uku.